Gefen Hoton da Talabijin Ta Yanke

Tun dawowata daga Damagaram ba ni da sakat. Duk wanda ya leƙo shagona a bakin kasuwar Birnin Kudu sai ya tsaya ya ce, "Nasiru, yaya fim ɗin naka ya fito a babban allo?" Nakan ce alhamdulillahi, in sauya magana. Amsar ta fi haka tsawo, shi ya sa na ga gara in rubuta ta in huta. Sai dai in faɗa tun yanzu, an ɗan kwana biyu, kuma cikin fargaba na yi yawancin tafiyar, mai fargaba kuwa ba komai yake riƙewa daidai ba. Wasu maganganun na tabbata haka aka faɗe su, wasu ma'anarsu kawai na riƙe. Sunayen mutanen Zandam na sauya su, kuma da izininsu nake wannan rubutu.

Aikin jarida na karanta a jami'a, amma ɗaukar bidiyon biki da suna nake ci da shi. A tsakanin haka na yi wani ɗan gajeren fim a kan gidan Baffa Buba da ke Zandam, ta ƙasar Gwaram, dangin kakata ne. Manoma ne masu kiwo, kuma yawancin fim ɗin babban ɗansa Habu ne yake bayanin shanunsu, kowace da sunanta da halinta. Ranar da na je neman izini, Baffa bai ja magana ba.

"Shanu ga su nan, ɗauki. Ni ma ɗauke ni in kana so. Amma matan gidan nan, ko inuwarsu."

Na ce, "Ko inuwarsu, Baffa. Na yi alkawari."

Da na gama haɗawa na ɗora talabijin ɗin shagona a mota, da janareta, na kai har Zandam. Mazan gidan suka kalla daga farko har ƙarshe, Baffa ya ce ya yi. A daminar da ta biyo baya Allah ya yi wa matarsa, Inna Hajjo, mahaifiyar Habu, rasuwa. Allah ya jiƙanta.

Bayan girbi sai ga gayyata daga wata cibiyar al'adu a Damagaram, za su nuna gajerun finafinai a zauren silima, nawa yana ciki. Murnata ba ta daɗe ba. Na kira wani abokina mai tace finafinai a Kano don in yi masa albishir, sai ya ce, "Ka taɓa ganinsa a majigi kuwa? Talabijin fa tana rufa wa mai ɗauka asiri. Babban allo ba ruwansa, duk abin da ke ciki sai ya zube."

Nan take wani wuri ya faɗo mini a rai. Akwai inda na ɗauki Habu a tsakar gida, saboda wani maraƙi maras lafiya da aka ɗaure a can. An ce mata su shiga ɗaki, sun shiga. Amma ta bayansa, can gefen hagu, ƙofar ɗakin Inna ce. Na koma na duba a kwamfutata, ƙofar baƙa ƙirin. Na duba a talabijin, ko ƙofar ma ba ta fito sosai ba, sai ɗan bango. Na sake dubawa, na kuma sakewa. Hankalina dai bai kwanta ba. Sannan Baffa ya aiko cewa shi ba zai iya doguwar tafiya ba, Habu zai raka ni ya ga yadda za a nuna shanunsu. Wato in akwai abin da ya ɓuya mini, a gaban ɗan gidan zai fito.

Ranar tafiya Habu ya iso tasha a kan acaɓa da sassafe, da sandarsa da wata roba a ƙulle cikin leda. Man shanu ne, tsarabar masu masauki. Ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce masa, shi kuma ɗan boko yake ce mini in yana cikin nishaɗi. Muka bi ta Wudil muka shiga Kano, muka sauya mota zuwa Daura da kan iyaka. Fim ɗin na kwafe shi a filash, na kwafe a waya, ga kuma kwamfutar, duk suna cikin jaka ɗaya da na rungume a ƙirji.

A motar akwai wata Hajiya 'yar kasuwa mai komawa Matamaye da dilar atamfa. Ta daɗe tana kallona, can ta ce, "Ɗan nan, zinari ne a jakar ko jariri?"

Habu ya ce, "Hajiya, ƙyale shi. Tun Birnin Kudu bai yi numfashi ba."

Kafin mu kai Daura rana ta buɗe, sai na ji wani ɗumi a cinyata. Robar man shanun ce da aka cusa tsakaninmu ta narke ta yoyo. Na yi salati da ƙarfi har direba ya taka birki. Na zazzage jakar a kan cinyar mutane ina duba filash, babu abin da ya same shi. Kaftanin da na ɗinka musamman don taron ne ya sha mai tun daga aljihu har gwiwa. Hajiya ta ce in gode Allah, ko ba komai zan shiga Nijar da ƙamshi.

A Kongolam muka sauka duka don duba takardu. Ni na shirya nawa cikin leda tun ana saura mako, amma da jami'in ɓangaren Nijar ya miƙo hannu ya ce "kardante", sai na tsaya ina kallonsa. Hajiya ce ta raɗa mini cewa katin shaida yake nufi. Ya duba nawa, ya juya wajen Habu.

"Sana'a?"

"Makiyayi."

"Makiyayi? To ina shanun?"

Habu ya nuna ni da baki. "Suna aljihun wannan."

Na fara zuba bayanin filash da gayyata. Jami'in ya yi dariya har ya dafa tebur, ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa. Ya ce garken da ya shiga aljihu ba ya buƙatar takardar allura, mu wuce.

Daga nan Habu bai ƙara kula ni ba, shanun bakin hanya yake kallo, jajaye masu dogon ƙaho, yana ta lissafin wadda ta ƙoshi da wadda ƙishi ya taɓa. Ni kuwa ƙofar nan nake gani a gilashin mota.

Mun isa Damagaram da yamma. An sauke mu a wani ƙaramin masauki na wata Hajiya Mariyama. Tana ganinmu ta ce, "Sannunku da hanya. Wane ne Mushe Nasiru?" Na yi turus. Habu ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Sai daga baya na gane cewa a wajensu girmamawa ce, daga Faransanci, kamar mu ce Malam. Habu dai ya samu abin yi. Har muka dawo, in zai tashe ni sai ya ce, "Mushe, tashi kafin ungulu su gan ka."

Hausarsu ɗaya da tamu, sai dai inda muke jefa Turanci su Faransanci suke jefawa. Burodinsu dogo ne kamar sandar Habu, ɓawonsa da tauri, shi ya ce sai an jiƙa shi kamar dusa. Kilishinsu kam ban ga na biyunsa ba, ko da yake ban yi yawo da yawa ba, kada a riƙe ni a kan wannan. Shayi kuma ba kofi ɗaya ake sha a tashi ba, zagaye ake yi a 'yan ƙananan kofuna, na farko da ɗaci, na baya da zaƙi, wanda ya tashi a tsakiya ya yi rashin ladabi. Haka dai aka gaya mana.

Muna cin abinci a tsakar masaukin sai Hajiya Mariyama ta ƙwala kira, "Mamman! Mamman, kawo wa baƙi ruwa!" Wani magidanci ya fito da buta. Ta dafa kafaɗarsa ta ce mana ɗanta ne na fari, shi ke riƙe da wurin. Habu ya ajiye lomarsa.

"Na fari, Hajiya? Kuma kike kiran sunansa haka?"

Ta ce, "Yo in ban kira ba wa zai kawo ruwan? Uwata ba ta yi ba, ni kam na yi. Zamani ne."

Ba na cewa haka duk mutanen Damagaram suke, ko a Birnin Kudu yanzu kunyar ɗan fari ta ragu. Amma gidan su Habu na da ne. Da muka koma ɗaki ya ce mini, ba tare da na tambaya ba, "Ka san ni ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba? Ana yaye ni aka kai ni wurin kaka. Da na dawo, in na shigo ta nan, ta bi ta can. In za ta ba ni fura sai ta aiko ƙanwata. Ko ido ba mu taɓa haɗawa ba." Sannan ya ce, "Haka ake yi. Ba ƙi ba ne." Na ce Allah ya jiƙanta, ya ce amin.

Washegari da hantsi aka ce masu finafinai su zo gwaji, da la'asar za a nuna wa jama'a. Na so Habu ya zauna a masauki, na ce masa aikin inji ne kawai, zai gaji. Ya ce shi ba zama ya kawo shi ba.

Mai kula da majigin sunansa Isufu, sa'ana ne, shi ma ya yi karatun abin. Zauren ba shi da taga ko ɗaya, bangonsa baƙi, allon kuwa ya kusa kai faɗin shagona da na maƙwabcina a haɗe. Kafin ya saka fim ɗina ya haska wani zane na gwaji, layi-layi daga fari tas zuwa baƙi ƙirin, ya tsaya yana dubawa. Na lura can wajen baƙin akwai matakai da yawa, kowanne daban da na kusa da shi. Na ce masa ina jin a talabijin ɗina duk waɗannan baƙi ɗaya za su zama.

Ya ce, "Haka tele take. An yi ta ne don ɗaki mai fitila, sai ta ƙara haske da kala don ta burge mai saye, duhun kuma ta dunƙule shi wuri ɗaya. Kuma da yawansu suna cin gefen hoto, kamar tela ya kalmashe bakin zane. Nan babu kalmasa. Abin da kyamararka ta gani, shi za mu gani."

Na san wannan a takarda tun ina makaranta. Jin sa a cikin wannan duhu, da Habu zaune kusa da ni, wani abu ne daban.

Fim ya fara. Gaskiya hoton bai kai kaifin da na saba gani ba, launin ma ya fi sanyi, ciyawar da take kore shar a shagona ta koma irin koren da ciyawa take da shi a daji. Amma komai ya buɗe. Har ƙudan da ke kan idon saniya ana gani. Habu ya ce, "Kai! Ga Goje kamar in taɓa ta." Yana ta gaishe da shanunsa ɗaya bayan ɗaya, Isufu yana dariya daga baya.

Sai tsakar gida ta fito. Ga Habu tsugune yana shafa maraƙi yana bayani. Ni ban kalle shi ba, gefen hagu na kalla. Ƙofar ta fito gaba ɗayanta, har da ɗan bangon da ke bayanta. Kuma ba baƙa ba ce. A cikin duhun akwai wani duhu mai sauƙi, da zane mai ratsi, da hannu riƙe da bakin asabari. Inna Hajjo ce a tsaye, rabin fuskarta a waje. Ba kyamara take kallo ba. Bayan Habu take kallo.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Isufu, tsaya! Don Allah kashe!" Ya tsayar, amma bai kashe ba, hoton ya daskare a allon, ita a tsaye ta kusa kai tsayin mutum.

Na ce, "Yaya, wallahi ban gani ba. Na duba ya fi a ƙirga. Ka yi haƙuri, zan janye fim ɗin, yanzu zan je in gaya musu."

Ya tashi da sandarsa ya gangara gaban allon, ya tsaya ta gefen hagu, ya ɗaga kai. Ya daɗe a haka. Ni ina tsaye ina tunanin da wane baki zan fuskanci Baffa, da kuma ko zumuncin kakata ne na zo har wata ƙasa na yanke.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Malam mai inji, ana iya mayar da shi baya?"

Isufu ya mayar. Muka sake kallo. A wannan karon na ga abin da ban lura da shi ba da farko. Daidai inda Habu ya yi wa maraƙin wata magana ya yi dariya, bakinta ya motsa. Kaɗan ne, sau ɗaya. Babu sauti, makirufo yana jikin rigar Habu.

"Ƙara," in ji shi.

Aka ƙara. Ban riƙe ko sau nawa ba.

Da ya dawo ya zauna, muryarsa ba ta canza ba, ko kuma ni ban ji canjin ba. Ya ce, "Sunana ta faɗa."

Isufu ya buɗe baki, ina jin zai ce wani abu ne, sai ya fasa.

Na ce, "To yanzu yaya za a yi, Yaya? Duk abin da ka ce."

Ya ce, "Alkawarin Baffa yana nan. Ba za a gan ta ba. Amma shanu sun yi tafiya mai nisa, ba za su koma ba a gan su ba." Ya juya wajen Isufu. "Babu yadda za a sakaya ta?"

Ashe a gefen allon akwai baƙin labule mai kauri, hagu da dama, wanda ake ja in hoton fim bai cika faɗin allon ba. Isufu ya ce yana shanye haske, in an ja shi kaɗan ƙofar za ta faɗa kansa, sai dai fim ɗin duka zai rasa ɗan gefensa. Na ce ya rasa. Isufu ya nufi igiyar, Habu ya ce, "Bari." Shi ya ja da hannunsa, a hankali, har labulen ya rufe ta. Na zagaya zauren, gaba da baya da kowane lungu, ina leƙe ko ana hango wani abu. Ban hango ba. Duk da haka na sake zagayawa.

Da muka fito garin ya yi tsit, shaguna a rufe, wai hutun tsakar rana suke yi sai rana ta yi sanyi. Ba mu samu ko ruwan saye ba. Muka zauna a inuwar bango.

Da la'asar zaure ya cika. Abin da na fi tunawa shi ne idona bai bar labulen nan ba har aka gama. An ce mini mutane sun yi dariya inda ya kamata, sun tafa, wani dattijo ya tsare Habu da tambaya a kan maganin maraƙin. Ni dai na ji tafin kamar daga wani gida.

A hanyar dawowa babu abin da ya faru da ya cancanci faɗa, sai dai jami'in Kongolam ya gane mu ya tambayi lafiyar garke. Da muka iso na kwana ɗaya a gida, na wuce Zandam, don na ga bai kamata Baffa ya ji a bakin wani ba. Na same shi shi kaɗai a gindin bishiyar ƙofar gida, na tsuguna na faɗa masa komai.

Ya ce, "Jama'a sun gan ta?"

"A'a, Baffa. Mu uku ne kawai."

"Wancan ya gan ta?" Shi ma ba ya kiran sunan Habu.

"Ya gan ta."

"A ina ta tsaya?"

"A bakin ƙofarta, ta riƙe asabari."

Ya gyaɗa kai. "Nan take tsayawa duk ranar da ya shigo, in ya ba da baya. Tun yana ƙarami." Ya kalli wajen shanu. "Ba kai ka shiga ba, ita ta fito. Tashi, ƙafarka za ta yi tsami."

Daga baya na gyara fim ɗin, na yanke gefen gaba ɗaya, wanda yake yawo yanzu babu ita a ciki. Na asalin yana wurin Habu a filash. Ya taɓa zuwa shago ya ce in saka masa. Na shiga saitin talabijin na cire kalmasar, na buɗe duhun iya yadda zai buɗu. Ƙofar ta fito, da wani ɗan dishi-dishi a cikinta kamar tabon yatsa. Wanda bai sani ba ba zai ce mutum ba ne. Ya kalla, ya ce in bar shi, ya riga ya gani a inda ake gani.

Wannan shi ne yadda fim ɗin ya fito a babban allo, iya abin da na riƙe. Mai yiwuwa na sa maganar wani a bakin wani, ko na haɗa abin da ya faru a tafiya da na dawowa. Hajiyar Matamaye, da Hajiya Mariyama, da duk wanda ya kasance a zauren, in wannan ya iso gare ku kuka ga kuskure, ku aiko mini in gyara, zan gode. Isufu, kai ma haka, musamman bayanin inji, in na karkata shi. Sai dai abu ɗaya. Ni na ga bakinta ya motsa, ban isa in rantse a kan abin da ta faɗa ba, kuma na lura kai ma ka so ka yi magana ran nan. In kana da gyara a kan wannan, ka kawo mini ni kaɗai. Kada ka kai wa Habu.